Na-Sani a Ƙofar Dama

Akwai wani mai gyaran talabijin da rediyo, shagonsa na bakin titi tsakanin shagon tela da na mai aski. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Na-Sani yake ce masa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ko cewa ka yi matarka ta haihu, kafin ka rufe baki zai ce, "Ai na sani."

Gaskiya hannunsa na da kyau. Talabijin da aka fidda rai da ita, in ta shiga shagonsa sai ta fito tana magana. Sai dai mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana aiki ƙafarsa na rawa, shayi ma a tsaye yake sha. In aka ba shi kujera, a bakin-bakinta yake ɗosana jiki kamar wanda za a kira yanzu-yanzu.

Duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma akan nuna wani shiri mai suna Cika Kekenka. Ana kawo mutum huɗu, biyu-biyu, cikin wani katafaren kanti da aka haɗa a ɗakin ɗaukar shiri. Da farko a nuna musu kaya su faɗi farashi, wanda ya dace a ƙara masa daƙiƙa biyar a kan minti biyun da ake ba kowa. Daga nan ɗaya ya kama keken sayayya ya ruga cikin kanti yana lodi, ɗayan ya hau wani dandamali yana hango masa hanya yana kwatance. Waɗanda kayan kekensu suka fi tsada su suka ci. Su tafi da kayan, a haɗa musu da firiza sabuwa dal.

Da lokaci ya yi, Na-Sani zai juyo da babbar talabijin ɗinsa ta kalli titi, unguwa ta taru. Tela ya fito da allura a baki, mai aski ya bar mutum da rabin kai. Mata su tsaya daga gefe da kwanukansu. Sai ihu.

"Ɗauki madara, kai! Madara!"

"Wayyo, ta wuce man gyaɗa!"

Shi kuwa gogan naka yana kai-komo a gaban jama'a, yana tsaki.

"Shirin banza," in ji shi. "Wanda ya tsara shi bai yi tunani ba. Tambayar farashin nan ɓata lokaci ce, me daƙiƙa biyar za ta yi maka? Sannan ku dubi inda suke ajiye turare da man shafawa, ƙananan kaya masu tsada. Kullum wuri ɗaya, taku goma daga ƙofar dama. Duk wanda ya samu ƙofar dama ya gama ci tun kafin a hura usur. Na saman nan kuwa ado ne kawai. Wa zai ji muryarsa cikin wannan hayaniya?"

Mai aski ya ce, "To in na banza ne, kashe mana mu koma aiki."

"Ina kallo ne in ga iyakar wautarsu."

Shekara biyu yana ganin iyakar wautarsu, bai taɓa bari ko Asabar ɗaya ta wuce shi ba. Bai tsaya nan ba, sai da ya rubuta wa gidan talabijin ɗin wasiƙa tara, kowace da zanen kanti da kibiyoyi, yana nuna musu inda suka yi kuskure.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce daga masu shirya shirin. Ta ce sun ga wasiƙunsa, suna gayyatarsa ya zo ya yi wasa nan da mako biyu, ya taho da abokin tafiya.

Bai ko rufe bayan rediyon da yake gyarawa ba, ya nufi gida kusan da gudu.

Matarsa, wadda yake kira Maman yara, tana wanki a tsakar gida. Shekararsu goma sha shida tare, kuma duk cefanen gidan ita ke zuwa. Da can tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, har firizarta ta mutu mutuwar da shi kansa ya ce ba ta gyaruwa. Tun daga nan sana'ar ta tsaya.

"Ki shirya, za ki shiga talabijin," ya ce yana haki. "Ni zan tura keke, ke ki hau sama."

Ta ɗago da kumfa a hannu. "Ni? Me ya sa ba ka ɗauki Tela ba?"

"Tela surutu gare shi. Saman nan ba ta buƙatar komai, ko kujera aka ɗora za ta iya."

Ta dube shi, sannan ta mai da kai kan wankinta. Amma da ta tuna firizar, sai ta ce to.

Makon nan biyu gidan bai huta ba. Na-Sani ya zana kantin da alli a kan simintin tsakar gida, ya jera gwangwanaye a madadin kaya, ya aro baro wurin maƙwabci. Safe da yamma yana zagaye da shi a guje, agogo a hannu. Ya kifar da bokitin wanki sau biyu, ya take wa kaza ƙafa. A shago talabijin ɗin mutane suka taru, masu su na zuwa suna komawa.

Wata rana ya tsaya yana share gumi, ya ga tana kallonsa tana murmushi.

"Me kike dariya?"

"Ba komai. Ina tunani ne, kai da ka tsani shirin nan ka fi kowa sonsa."

"Ke me kike gani a cikinsa? Ko dokokin ba ki sani ba."

Ta ce, "Ni ba doka nake kallo ba, Baban yara. In na shiga kanti, sai na juya abu na duba farashi, na ajiye, na sake ɗauka, na sake ajiyewa. A can kuwa sai in ga mace irina ta miƙa hannu ta ɗauki abu ta jefa a keke ba ta ko duba ba. Minti biyun nan, ji nake kamar ni ce."

Bai ji ƙarshen maganar ba. Ya riga ya kama baro.

Ranar ɗaukar shiri aka zaunar da su a wani ɗaki mai sanyi da kujerun roba. Abokan karawarsu wani dattijo ne, tsohon direban bas, da matarsa. Ma'aikatan wurin Baba Direba suke ce masa. Yana ɗan ɗingishi, ita kuma tsohuwar tana riƙe masa hula da ruwan sha. Na-Sani ya dube su sau ɗaya ya ji tausayinsu.

Aka kawo kwano da takardu biyu a naɗe don zaɓen ƙofa. Ya sa hannu ya ɗauka, ya warware.

Hagu.

Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya je bakin taga ya dawo. Ana haka matar da ta kira shi a waya ta shigo da takardu, ta ce kowa ya matso za ta yi bayanin yadda wasan zai gudana.

Na-Sani ya raɗa wa matarsa, "Ki saurara mana, ni na haddace." Sannan ya dafa kafaɗar dattijon. "Baba, ɗan zo waje mu yi magana."

A baranda ya kwantar da murya.

"Baba, na ga ƙafarka. Ƙofar daman nan da ka samu, ƙasanta santsi gare shi, na sha ganin mutane suna faɗuwa. Ta hagu ta fi daɗin tafiya. Ni yaro ne a kanka, bari mu yi musaya."

Ƙarya ce tsagwaronta. Amma dattijon ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Irinku sun yi ƙaranci."

Kafin su koma an gama bayani. Suka shaida wa matar sun yi musaya, ta rubuta. Maman yara ta jawo hannun rigarsa, fuskarta ba walwala.

"Baban yara, sun ce an canza..."

"Na sani."

"Ba ka ji ba. Cewa suka yi daga yau..."

"Na ce miki na sani! Ke dai ki hau sama ki yi murmushi."

A ɗaya gefen, tsohuwar ta kai baki kunnen mijinta tana ta bayani, shi kuma yana gyaɗa kai. "To. To. Sai kuma me?" Na-Sani ya yi dariya a ransa, ya ce wannan ai sai an riƙe masa hannu.

Aka kunna fitilu, 'yan kallo suka ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya ɗaga kwalin garin sabulu ya ce nawa ne. Maman yara ta miƙa hannu za ta danna ƙararrawa, Na-Sani ya ture hannun ya danna da kansa. Farashin da ya faɗa na shekarar bara ne. Tsohuwar ta faɗi nata a hankali, ta dace.

Aka ɗaga galan ɗin mai. Maman yara ta raɗa masa amsa, ya faɗi tasa. Ya sake kuskurewa. Haka sukari, haka madarar gwangwani. Bai damu ba, daƙiƙa biyar-biyar ce. A na biyar ne ta riga shi dannawa, ta faɗi farashin ganyen shayi daidai ba ƙari ba ragi.

Mai gabatarwa ya ce, "Madalla! Baba Direba na da minti ɗaya da rabi. Na-Sani kuma, daƙiƙa arba'in da biyar."

"Arba'in da me? Ina minti biyun?"

"A'a, maigida, ba ka ji bayani ba? Yanzu da daƙiƙa talatin ake farawa, kowace amsa kuma sha biyar ce."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Amma ya ce a ransa ba komai, taku goma ne. Daƙiƙa arba'in da biyar ta ishe shi kwashe turaren kaf.

Wani ma'aikaci ya zo ya maƙala masa ɗan abin sauraro a kunne, ya ce ta nan zai riƙa jin matarsa. Wannan ma sabo ne. Aka hura usur.

Muryarta ta shigo kunnensa tar. "Miƙe gaba! Kar ka bi dama, miƙe gaba!"

Dama kuwa ita ce hanyar da ya yi mako biyu yana bi da baro. Ya fizge abin daga kunnensa, ya karya kwana da gudu. Ɗaya, biyu, uku, har goma. Ya miƙa hannu inda turare yake.

Takardar bayi ce jere har sama.

Ya tsaya cak. Ya duba ƙasa, soso da tsintsiya. Ya ruga gaba, bokitai. Ya juyo da baya, keken ya daki wani tulin gwangwanaye da aka jera kamar dala, suka watse suna gangarawa ko'ina. Ya fara jefa duk abin da hannunsa ya kai cikin keke, ba ya ma gani.

Sai ya ɗaga kai. Tana can sama ta ɗaga hannu biyu, tana nuna kunnenta, tana nuna kunnenta. Abin sauraron na lilo a ƙirjinsa. Ya yi maza ya mai da shi kunne.

"Bayanka! Turaren na layin da ke bayanka!"

Ya juya keken kenan, usur ɗinsa ya tashi.

Doka ta ce ya tsaya inda yake. Haka ya tsaya, riƙe da keke, yana kallon Baba Direba na tafe da ɗingishinsa ba gaggawa, yana magana shi kaɗai kamar mai waya. "Na ji ki, tsohuwa. Na sama ko na ƙasa? To." Ya zo ya wuce ta gabansa, ya ɗebi turare, ya ɗebi man shafawa, ya ƙara da madara. Daƙiƙa arba'in da biyar ɗin nan sun fi wa Na-Sani shekara tsawo.

Da aka zo duba kaya, mai gabatarwa ya riƙa ɗaga nasa ɗaya-ɗaya. Takardar bayi ƙunshi shida, soso, bokiti biyu, da tsintsiya mai dogon hannu. Ya ce, "Ko ba komai, gidan nan zai yi tsafta." Har masu ɗaukar hoto sai da suka dara.

A bakin ƙofar fita dattijon ya tare shi, ya sake yi masa godiyar musaya, har suka karɓi lambar wayar juna. Na-Sani ya kasa haɗa ido da shi.

Suka hau bas suka nufi gida. Ƙafarsa na ta rawa. Can ya ce, "Cuta ce. Sun canza komai ba su faɗa ba."

"Sun faɗa," in ji Maman yara, tana kallon taga. "Matar ta ce wani mai kallo ne ya rubuto musu wasiƙa tara, suka ga gaskiyarsa, suka gyara. Har ta nemi ta gode maka a gaban kowa, aka ce kana waje."



Ta ce, "Firizar na so ta, ba zan ɓoye ba. Amma ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Ina ganin hanya ƙiri-ƙiri, ina kiran mijina, ya cire ni daga kunnensa."

Sai bayan mako uku za a nuna shirin. A makonnin nan Na-Sani ya rame. Ya ɗauki aiki ya ajiye, ya kwance rediyo ya manta inda ya sa kusoshi. In aka tambaye shi yadda ta kaya, sai ya ce ku jira ku gani, ya shige ciki. A gida Maman yara tana yi masa duk abin da ta saba, sai dai hira ta ɗauke.

Ranar Asabar ɗin da safe ya kasa daurewa, ya kira Baba Direba. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Baba, maganar santsin nan ƙarya na yi maka. So na yi in ƙwace ƙofar."

Dattijon ya yi dariya har da tari.

"Tsohuwata ta gane tun a wurin. Ta ce in ƙyale ka, tunda an riga an ce ƙofa ba ta da wani tasiri yanzu. Na yafe, ɗana. Amma bari in faɗa maka abu ɗaya. Shekara talatin na yi ina tuƙa bas, ban taɓa yin baya da mota ba sai da na saurari wanda ke tsaye a ƙasa. Ba don ya fi ni iya tuƙi ba. Yana ganin inda ba na gani ne. Matarka ta yi ta kiranka, har mu muna jiyo ta."

Ƙarfe huɗu da rabi mutane suka fara taruwa, har da na wasu layuka. Na-Sani na tsaye a bayan talabijin da sukundireba a hannu. Waya ɗaya zai cire, ya ce ta lalace, ba wanda zai musa masa. Ya kai hannu, ya janye. Ya fita, ya dawo, ya sake kai hannu. Sai ya hango Maman yara ta zo ta tsaya can bayan mata, ta rungume hannu.

Ya ajiye sukundireban, ya juyo da talabijin ta kalli titi.

Dariyar da aka yi ranar, har masu wucewa a mota sai da suka leƙo. Da ya daki gwangwanaye, Tela ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Amma akwai abin da Na-Sani bai gani ba sai yau. Lokacin da ya ture hannunta daga ƙararrawa, ashe an nuno fuskarta kusa. Ta yi murmushin dole, ta sunkuyar da kai, ta ɓoye hannun cikin mayafi. Kuma duk kwatancen da ta yi daga sama an sako shi, kowa na ji. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Dariyar ta fara raguwa. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Kai, yarinyar nan ta yi ƙoƙari."

Na-Sani ya fito ya tsaya a gaban talabijin, ya rage muryarta.

"Jama'a, kun gani da idonku. Ba shirin ne ya kayar da ni ba. Matar nan ta san farashi, na ture ta. Ta ga hanya, na toshe kunne. Dattijon can ma ƙarya na yi masa na karɓi ƙofarsa. Maman yara, a gaban mutane na wulaƙanta ki, shi ya sa nake roƙonki a gaban mutane. Ki yafe mini."

Kowa ya juya yana kallonta. Ta gyara bakin mayafi, idonta ya ciko. Sannan ta ce:

"Na yafe, Baban yara. Amma don Allah matsa gefe, ka tare mana. So nake in ga lokacin da za a miƙa wa tsohuwar nan firizarta. A ranar, hawaye bai bar ni na gani ba."

Ya matsa. Mai aski ya tashi daga kan benci ya ba ta wuri a gaba, ya ƙara muryar talabijin da kansa. Da aka yaye ƙyallen da ke kan firizar, tsohuwar ta rungume ta tana kuka, duk layin ya ɗauki tafi. Maman yara ce ta fara tafawa, mijinta na tsaye a bayanta yana taya ta.

Darasi: Kana iya gano kuskuren kowa, har ka yi gaskiya, amma girman kai ya hana ka ganin naka. Kada ka raina wanda ke kusa da kai don ka saba da shi, sau da yawa yana hango abin da ba ka gani. Ka bari mutum ya gama magana kafin ka ce ka sani, kuma in ka yi kuskure a bainar jama'a, kada kunya ta hana ka gyara shi a bainar jama'a. In labarin nan ya taɓa ka, tura shi ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake ta kira bai saurara ba.